Sharaɗin Ukasha a Bakin Maryutiya

Jikata Baraka gudu take yi kowace safiya a bakin magudanar ruwa ta Maryutiya, inda gidajen unguwar Faisal suke ƙarewa gonaki su shimfiɗe. Ni kuma ina biye da ita a tuk-tuk, wato a-daidaita-sahu, wai ni ce mai gadi, da waɗannan gwiwoyin nawa.

Ranar Asabar muka tarar da Ukasha, ɗalibin da ke neman aurenta, tsaye a kan ƙaramar gada, jallabiya ta sha guga. Ya rusuna ya gaishe ni. Ya dube ta, ya dubi takalmanta, ya sunkuyar da kai.

"Hajiyarmu ta ga hotonki kina gudu," ya ce. "Ta yarda manya su zo, amma sai kin daina."

"Kai fa, Malam, me ka ce?" in ji Baraka.

Jaki ya zo ya wuce da kayan ciyawa, sannan malamin namu ya ce:

"Ma'alesh, yi haƙuri, Baraka. Ba zan iya saɓa mata ba."

Ta durƙusa ta sake ɗaure igiyar takalminta a hankali, ko zai ƙara wata magana.

"To, khalas, shi ke nan. Ka gaida Hajiya." Ta gyara hijabi, ta bi ta gefensa a guje.

Na leƙo na ce, "Ɗan nan, in mai zama wuri ɗaya ake nema, ga ni. Rabona da gudu tun kafin a yaye Hajiyarku."

Ko murmushi bai yi ba. Na ce wa direba yalla, mu tafi.

Muka cim mata wajen itatuwan dabino, fuskarta a jiƙe, kuma ba gumi ne kaɗai ba. Kukan dai ta yi shi, amma ƙafarta ba ta sassauta ba.