Lambun da Na Ce Ba Nawa Ba Ne

"Cire hoton nan," na ce wa Godswill, mai haɗa mini shafin intanet na sana'ata, dashen fulawa da itatuwa a gidajen mutane. Dama ban yarda da shi ba. Ga shi ya sa wani lambu kore shar, wai aikina.

"Ni Kashim ba na cin abinci da ƙarya. So kake sunana ya ɓaci a Kazaure? A ina ka sato shi?"

Ya ce, "Oga, gidan Hajiya Zulaikha ne a Roni. Ni na ɗauka."

Na ƙura ido. Ga famfon da na ɗaure da roba da hannuna lokacin da na yi mata dashe.

Ni da zarar na gama dashe nake tafiya. Ban taɓa komawa na ga shukokin sun girma ba.