Ba Wanda Ya Tona Gonar Delbert

Tsoho Delbert ya tare wata baƙuwa a ƙofar gonarsa ta Oklahoma, a Amurka, yana hararar takardunta. Ransa ya ba shi 'yar kamfanin mai ce, ta zo a yi masa ɓarna.

"Baba, bara an tona nan an duba bututun mai?"

"Tona? Yarinya, guguwa uku ba su gusar da ni ba! Shekara ashirin shebur bai taɓa ƙasar nan ba. Kowa ya zo na kore shi."

"Za ka maimaita a kotu?"

"Da babbar murya!"

Ashe mai bincike ce daga gwamnati. Ta nuna masa takardar da kamfanin ya rubuta cewa an tona, bututu lafiya lau.

"Wane maƙaryacin ya sa hannu?"

Ta karanto masa sunan. Royce ne, ɗansa na fari.