Tsinken Ɗanmusa

Ɗanmusa wanzami yana da tsinkaye na gwajin ido a zabirarsa: na maza, na mata, na yara. Yakan dora gindin tsinke a ƙashin gefen ido. Idon da ya fito ya wuce bakin tsinken, mutanen unguwa sun yanke cewa na maye ne.

Ranar nan Modu, babban falken gishiri a Lafia, ya ja Rekiya har ƙofar mai unguwa. Tsohuwa ce baƙuwa, irin waɗanda suka riƙa ɓullowa tun da Turawa suka hana cinikin bayi. Duk faɗin garin ba ta ga wurin kasa gishirinta na garin Awe ba sai daura da zauren Modu. Kullum tana nan, ta zuba wa gidan manyan idanunta. Ga shi 'yarsa Zaituna ta kwanta, tana ta ramewa.

Modu ya daka tsawa. "A gwada ta! Kurwar 'yata ta kama!"

Shi ma fa idanunsa ba ƙanana ba ne, amma na mai dukiya dara-dara ake ce musu. Uwarsa, an ce masa, ta rasu yana goye.

Ɗanmusa ya durƙusa gaban tsohuwar, ya dube ta, ya daɗe yana lalube a zabira. Can ya zaro tsinke.

Modu ya ce, "Kai tsoho, wannan na maza ne, ya fi tsawo. Ni za ka cuta?"

Ya fizge zabirar, ya zaro na mata, ya danna mata a fuska da hannunsa. Idon ya wuce. Jama'a suka ɗauki ihu, wasu har sun fara tsintar duwatsu.

Mai unguwa ya ɗaga hannu. Kowa ya san ka'ida: maita a nono ake shan ta. In an kori mayya, da duk wanda ta shayar ake kora, gidansa kuma a sa masa wuta.

Ya dubi Rekiya ya ce, "Ke baiwar Allah, kina da ɗa a garin nan?"

Ɗanmusa ya buɗe baki. Rekiya ta watsa masa harara, ya rufe.

Ta ce, "Ni ba ni da kowa, ranka ya daɗe."

Aka raka ta da jifa har bayan ganuwa. Modu ne a gaba, dutsensa ne ya fasa mata goshi. Ba ta ko waiwaya ba.

Da yamma aka ga Ɗanmusa yana kakkarya tsinkayensa yana kuka, aka ce tsufa ne. Shi ne ya yi wa Modu askin suna, kafin mahara su shigo garin su kwashi bayi, kuma a kan cinyar Rekiya ya yi shi.