Tabon Hannun Rahinatu

Jini ya ƙi tsayawa daga hancin Rahinatu. Ranar yajin ville morte ce, an rufe gari gaba ɗaya, babu taksi ko ɗaya a unguwar New Bell. Yayanta Badamasi ya ɗora ta a kura, ya tura har asibiti.

Shi ya kashe mata aure. Ranar da ya ga baƙin tabo a hannuwanta, ya shaƙe mijinta Suhaib a gaban mutane sai da ya sake ta. Ta yi ta rantsuwa bai taɓa dukanta ba, ba wanda ya saurare ta.

A asibiti Badamasi ya tari likita. "Docteur, ki taimaka. Dukan mijinta ne ya ja mata."

Da gwaji ya fito, likitar ta girgiza kai. "Lupus ne. Garkuwar jikinta ce ke cinye ƙwayoyin da ke tsayar da jini, ita ke kumbura mata gaɓoɓi. Ko ba a taɓa ta ba, tabo zai fito."

Sai ga Suhaib yana haki, ya zo ba da jini. Ya ga sababbin tabo har wuyanta. Ya juyo a hankali.

"Yaya Badamasi, tun bara tana gidanka. Wa ya dake ta?"