Harilal Ɗin Mama Hellen

Shago na huɗu ke nan Hellen ta shiga tun safe, kuma amsar ɗaya ce: babu. Laraba ce. Jibi za a yi bikin sallamar 'yarta Regina, Asabar kuma aure a coci. Da wata uwar amaryar ce, da tana kasuwa kan shinkafa da tumatir. Ita kuwa, malamar firamare mai furfura, tana bin layin masu tura fina-finai a waya tana cigiyar fim ɗin Indiya.

Rabin Kafanchan sun san ciwonta. Sunansa Harilal Dongre. Ba jarumi ba ne, ba ya waƙa, ba a sa fuskarsa a fastar fim. Shi ne maigadin da ake kwaɗa wa sanda a ƙeya, direban mugu, ɗan sandan da ke isowa bayan an gama faɗa. Shekara arba'in yana wannan sana'a, da wuya ya kai rabin fim da rai. Sau ɗaya tak aka mutunta shi, aka ba shi uban amarya na minti uku. Hellen ta tara fina-finansa goma sha tara, duk fassarar Hausa. Wannan ɗayan ne ya gagare ta, kuma ta ƙudura sai ta same shi kafin Juma'a.

Matan zumuntar coci sun sha tsegumi a kanta. Wai mijinta Silvanus bai shekara a kabari ba ta fara wannan shirme, bawan Allah da ya yi shekaru yana wahala a Kano yana aiko musu abin tuwo. Kuma ko kallon ma ba ta iya ba. Sai ta kunna, ta juya wa talabijin baya tana tsintar wake.

A shago na biyar, Linus ya ɗaga kai daga kwamfuta yana murmushi.

"Mama, Allah ya taimake ki. Sabon kwafi, hoto tas, an sake fassara."

Ya kunna daidai wurin. Ba ta bari Harilal ya rufe baki ba.

"Ba shi ba ne."

"Shi ne fa. Ga gashin baki nashi nan."

"Tsohon kwafin nake so, Linus."

Tsohon yana cikin wata kwamfuta da Linus ya sayar wa wani Ishmael a Kagoro, shi kuma ya ce yau zai goge komai ya zuba waƙoƙin coci. Ta kira lambarsa sau uku, ba ta shiga. Hellen ta tare babur zuwa Kagoro. Gwiwarta na ciwo, tela na jiranta, wayarta sai kuka take a jaka, ba ta duba ba. Tsoro ne kawai a ranta, irin wanda rabonta da shi tun ranar da Silvanus ya cika a asibiti.

Ta tarar Ishmael ya goge rabi. Suka bi ragowar ɗaya bayan ɗaya, tana tsaye, ta ƙi kujera. Can ƙasa suka gan shi. Hoton ya dushe, fuskokin duk sun yi kore.

"Wannan ai ba ya kalluwa, Mama," in ji Ishmael.

Ta rufe ido ta saurara. "Tura min," ta ce.

Ranar Juma'a aka cika tsakar gida. Da aka zo inda uba kan sa wa amarya albarka, ƙanin Silvanus ya miƙe yana gyara riga. Hellen ta riga shi. Ta miƙa wa mai lasifika wayarta. Kiɗan Indiya ya tashi, wata a layin zumunta ta ja tsaki.

Sai muryar ta fito, a dushe, a hankali.

"Tashi, 'yata. Ban tara miki dukiya ba, amma ba ki taɓa ba ni kunya ba. Je ki gidanki lafiya. Allah ya yi miki albarka."

Furen da ke hannun Regina ya faɗi. Ta durƙusa gaban lasifikar tana kuka, ƙanin mahaifinta ya cire hula.

Shekara shida Silvanus ya yi a ɗakin fassarar fina-finai a Kano, ba su taɓa ba shi muryar jarumi ba, wai Hausarsa ta 'yan Kagoro ce. Kullum Harilal suke ba shi.