Birkin Da Ba Ya Jiran Wuta

Aka ɗauke wuta daidai lokacin da injin ɗaga kaya ke riƙe da tan biyu na ƙarfe a saman kan wani direba.

Shugabar ma'aikata ta runtse ido tana jiran ƙara. Shiru. Ƙarfen na nan rataye.

Jiya ta wanke tsohon mai gyaran lantarki tas, don ya tsayar da aiki yini guda yana kwance birkin injin.

Ta juya wajen tsohon. "Baba, me ya riƙe shi?"

"Wuta ke buɗe birkin, 'yata. In ta ɗauke, da kansa yake damƙewa."

Ta durƙusa cikin baƙin mai, hawaye na zubo mata. Direban ya ƙaraso, bai ma ɗaga kai ya gani ba.

"Yaya, lafiya kike kuka?" in ji direban, ƙaninta.