Ƙungiyar da Koci Delbert Ya Zaɓo

"Ko ka ci wasan ranar tsofaffin ɗalibai, ko ka kwashe kayanka," shugabar kwaleji ta ce wa Koci Delbert.

Wasa goma sha tara a jere ana lallasa yaran Koci Delbert a ƙwallon Amurka. Sai ya bi dabarar da kowa ke bi: ka gayyato ƙungiyar da ta fi kowacce lalacewa, ka casa ta a gaban jama'arka. Wata biyu yana bincike, har ya gano wata 'yar kwaleji a jihar Nebraska. Kocinsu, Rusty, tun kafin a gama yi masa bayani a waya ya amince.

Ranar wasa Delbert ya ga baƙin sun ciko motoci shida, da 'yan badujala, har da mahaifiyar Rusty riƙe da kek.

"Abokina, duk wannan gayya don ku sha kashi?"

Rusty ya rungume shi, idonsa ya ciko da ƙwalla.

"Koci, Allah ya saka maka. Ni ma an ce in ci wasa ɗaya ko a sallame ni. Wata uku lambarka na aljihuna, kunya ce ta hana ni kiranka."